Dutse, Boko da Soyayya: Wani Giɓi a Ƙagaggun Labaran Hausa



Duk wanda ya tsaya a Samaru ya dubi kudu, zai hangi Dutsen Kufena. Masana tarihi sun nuna cewa a gindin irin waɗannan duwatsu, watau Kufena da Turunku da Dala da Kwatarkwashi, Hausawa suka fara kafa mazauni, saboda tsaro da ruwa da kuma bautar iskoki. A nan Samaru ma masu haƙar kayan tarihi sun tono murahun narkar da tama. To, tambayar da za mu duba yau ita ce, ina mutanen nan na gindin dutse suke a cikin ƙagaggun labaranmu?

Bari mu fara da asalin littattafan. Ƙagaggen labari na boko a Zariya aka haife shi, kuma don a sama wa sababbin masu karatu abin karantawa aka haife shi. A 1933 Hukumar Talifi, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta sa gasa, aka sami littattafai biyar. Biyu daga ciki tarihi suka jingina da shi: Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya taɓo yaƙin Kwantagora da Turawa, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya bi sawun cinikin bayi daga Kagara har ƙetaren Hamada. Jiki Magayi kuwa, na John Tafida da East, a kan soyayya ya ginu: mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwarsa, ramuwar gayya ta cinye kowa. Ashe ke nan tarihi da soyayya tagwaye ne tun ranar suna.

Sai dai fa jaruman littattafan nan malamai ne, da mayaƙa, da matafiya, da ɓarawo. Manomin kan dutse, in ya fito, to, ko dai hari ya kwashe shi, ko kuma jarumi ya ratsa ta garinsu ya wuce.

Daɗa sai aka shiga zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, wanda ba a faɗarsa a manta da Malam Ahmadu Kumasi. Aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, magidanci mai furfura ya zauna a inuwar itace yana haɗa baƙi da wasali. Hukumar NORLA, wadda aka rufe a 1959, ta yi ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Bazazzaga da Himma da Sodangi, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo tana fita tun 1939. Abin lura shi ne, da yawa daga cikin ɗaliban nan 'ya'ya ne ko jikokin waɗanda suka sauko daga duwatsu bayan da hare-haren bayi suka ƙare. Jirgin ƙasa ya iso, Sabon Gari ta kafu, auduga da gyaɗa suka zama kuɗi, rasit da takardar haraji suka shigo hannun mutumin da bai iya karanta su ba.

A nan ne marubuci zai sami abin da ake kira rikicin labari. Mu ƙaddara saurayi ya bar ƙauyensu ya zo cin rani Sabon Gari. In zai aika wa budurwarsa magana, tilas ya biya marubucin wasiƙa, ita ma tilas ta nemi mai karanta mata, asiri ya zama na mutum huɗu. Ran da su biyun suka iya rubutu, ɗan aike ya rasa aiki, iyaye kuma sun rasa hanyar sanin abin da ake ƙullawa. Wannan ba ƙaramin juyi ba ne a cikin al'ummar da aure yake hannun manya.

Mata marubuta sun riga sun gano wannan. Hafsatu Abdulwahid ta kawo mu rugar Fulani a So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta koma ajin manya a Kano, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? Abin da ya saura shi ne a mai da irin wannan labari baya, zuwa zamanin saukowa daga dutse.

Amma akwai sharaɗi. Mai ƙaga labarin tarihi yana da izinin ƙirƙiro mutane, ba shi da izinin ƙirƙiro zamani. Sai ya san me ake nomawa, da me ake biyan sadaki, wace irin fitila ake kunnawa. Waɗanda suka zauna azuzuwan farko sun tsufa ƙwarai, suna ta ƙarewa, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ɗalibai, daga nan zuwa Kufena ba nisa.