Kyanwa, mai gadin rumbu

Manomi, kai da ka kai hatsi da gujiya rumbu, ka san ɓarnar kusu. A unguwannin Matamai da Kance akwai kyanwoyi marasa gida masu haihuwa a kango ko ƙarƙashin rumbu. Kyanwa wata 2 take ɗaukar ciki, ta kan haihu sau 2 ko 3 a shekara. Shi ya sa suke yawa.

In yara suka tsinto ƴaƴan kyanwa, kada ka yi gaggawar karɓa. Sau da yawa uwar ta tafi neman abinci ne. A mayar da su, a duba har yamma. Sai sun kai mako 8 ake raba su da uwa. Wanda uwarsa ta mutu, ka aje shi wuri mai ɗumi cikin tsumma, don sanyi yana kashe su kafin yunwa. Madarar shanu tana sa su zawo.

In ka aje kyanwa, ka bar zuba maganin kusu: ta ci mataccen kusu, ita ma ta tafi.

Kyanwa tana ɗaukar ciwon haukan kare. In ta ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a kai shi likita ran nan.