Mai Shagon Yadi da Ruwan Masoro

A shekarar 1676, a garin Delf na ƙasar Holand, wani mai sayar da yadi ya jiƙa masoro a ruwa ya ajiye. Tambaya ce ta dame shi: me ya sa masoro yake da yaji? Zatonsa akwai wasu ƙananan ƙayoyi a jikinsa masu tsira harshe. Bayan mako uku ya ɗebi ɗigo guda ya duba. Ƙaya dai bai gani ba. Ruwan ne ya tarar yana motsi, cike da halittu, wasu na juyi kamar katantanwa, wasu na ninƙaya. Mafi ƙanƙanta cikinsu, a lissafinsa, ko an jera ɗari ba za su kai tsawon ƙwayar yashi ba. Su ne yau ake kira bakteriya.

Sunan mutumin Antoni fan Lewenhuk, haifaffen 1632. Bai yi jami'a ba, bai iya Latin ba, alhali da shi malaman Turai ke rubutu a lokacin. Yana ɗan shekara 16 aka kai shi Amsterdam yaron shago. Masu yadi na zamanin kan duba saƙa da gilashi mai ƙara girma, don a gane mai kyau da na bogi. Shi sai ya zarce. Ya riƙa yin nasa gilashin, ƙarami kamar ƙwayar gero, ya matse shi tsakanin faranti biyu na tagulla da ba su fi yatsa tsawo ba. Akwai ɗan tsinke da ake ɗora abin dubawa a kai, da kusoshin matso da shi. Sai ka kanga abin dab da ido, ka fuskanci haske, ka yi ta haƙuri har ido ya yi ruwa. Ɗaya daga gilasansa da suka rage yana ninka girman abu fiye da sau 250.

Ba shi ya fara leƙa wannan duniya ta ƙananan abubuwa ba. Tun 1665 Robat Huk na Ingila ya yanka ɓawon itace siriri, ya ga ramuka jere kamar ɗakuna, daga nan sunan ƙwayar halitta ya samo asali a Turance. Amma na Huk matattun bangaye ne. Na Lewenhuk rayayyu ne, kowace ƙwaya ɗaya tak, ita ce bakin kanta, ita ce cikin kanta, tana ci tana hayayyafa.

Da wasiƙar Lewenhuk kan abin da ya gani ta isa Ƙungiyar Masana ta Sarauta a Landan, sai aka yi ta kallon juna. Ban ga laifinsu ba. Ɗan kasuwa ne ya ce ya ga dubban dabbobi a ɗigon ruwa, ga shi ya ƙi faɗin yadda yake haɗa gilashinsa. Ya aiko da shaidar mutum takwas, har da limaman coci. A Nuwamban 1677 Huk ya jiƙa nasa masoron, ya gani, ya nuna wa 'yan ƙungiyar. A 1680 suka ba Lewenhuk kujera, kujerar da bai taɓa zuwa ya zauna a kai ba.

Bincikensa na 1683 ya fi ba ni dariya. Mutum ne mai ji da haƙoransa, kullum sai ya goge su da gishiri. Duk da haka ya kankaro farin dattin da ke tsakaninsu, ya dama da ruwan sama, ya ga halittu na kai-kawo. Bai tsaya nan ba, ya nemo dattawa biyu da ba su taɓa wanke baki ba, ya karɓi nasu. Nan ya ga taro. Bai danganta su da cuta ba. Sai bayan kusan shekara 200 masana Fasto da Kok suka tabbatar da alaƙar irin waɗannan halittu da cuta.

Lewenhuk ya ga jajayen ƙwayoyin jini, ya ga na maniyyi. Sarkin Rasha Bitrus ma, a 1698, sai da ya sa aka nuna masa jini yana gudana a wutsiyar kifi.

Ya rasu a 1723 yana da shekara 90, yana kan gado ma yana shifta wasiƙu kan ciwon da ke cinsa. 'Yarsa Mariya ta cika wasiyyarsa, ta aika wa ƙungiyar Landan akwati ɗauke da gilasansa 26 masu farantin azurfa. A ƙarni na 19 suka ɓace daga ma'ajiyar, har yau ba a gan su ba.