“Sha-ka-fashe”: ƙibar da ake saye a kan tire da abin da take bari a jiki

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, har da unguwannin Yamai, ba sai an sha wahala ba ake samun maganin ƙiba. Yana cikin tiren masu tallar magani, kusa da na ciwon kai da na mura, ana sayar da shi ƙwaya-ƙwaya ba tare da takardar likita ba. Masu sayensa galibi ƴan mata ne da amaren da biki ya ƙarato musu, sai kuma matan aure da ke gudun a ce miji ba ya ciyar da su. Sunan da Hausawa suka laƙaba wa ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi, sha-ka-fashe, ya isa ya sa mai saye ya dakata, amma cinikin bai tsaya ba.

Magunguna biyu ne suka fi yawa a wannan harka, kuma babu wanda aka ƙera don sa ƙiba. Na farko shi ne cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da atishawa da borin jini. Buɗe ciki da sa barci illolinsa ne na gefe, sai ga shi illar ce ta zama abin talla. Shi ne ke cikin ruwan maganin nan Apetamin da ake yi a Indiya, wanda ya yi tashe a Instagram har tashar BBC ta yi shiri a kansa a 2021. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da shi, ta ambaci jiri da yawan barci da lahani ga hanta. Ƴan uwa mazauna Amurka da Ingila su sani cewa ba a ba shi izinin shiga kasuwa a ƙasashen biyu ba, ko da wata ƙawa ce ta kawo shi cikin jaka.

Na biyun, dexamethasone, ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Magani ne na gaske mai ceton rai: likitoci na ba da shi ga masu asma mai tsanani da masu kumburi, kuma a 2020 binciken jami'ar Oksfod ya nuna yana rage mace-mace tsakanin masu korona da numfashinsu ya yi wuya. Amma a hannun likita, ana auna shi ne, a kuma ƙayyade kwanakin sha. Wadda ta mayar da shi abin sha na kullum har tsawon watanni, wani abu daban take yi wa jikinta.

Abin da ke faruwa shi ne, maganin yana kwaikwayon wani sinadari da jiki ke samarwa da kansa a wasu ƴan ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda. Idan ya yi yawa a jini, jiki sai ya riƙe ruwa da gishiri, kitse ya taru a fuska da ƙeya da tumbi, naman hannuwa da cinyoyi kuma ya riƙa zubewa. Shi ya sa mai sha take yin kumatu zagaye kamar wata, ga ciki a gaba, ga ƙafafu sirara. Mutanen gida su ce ta yi kyau, hutu ya karɓe ta. A ciki kuwa sukarin jini na hawa, hawan jini na kama ta, ƙasusuwa na raguwa da ƙarfi, garkuwar jiki na yin rauni, al'ada na rikicewa, fata na tsagewa da jajayen layuka. Idan kuma tana shafa man bilicin mai ɗauke da sinadari ɗan gidansu, lahanin ninkuwa yake yi, domin shi ma yana ratsa fata ya shiga jini.

Ga wurin da ya kamata a kula sosai. Wadda ta daɗe tana shan dexamethasone ba za ta watsar da shi rana ɗaya ba. Jikinta ya riga ya rage samar da nasa sinadarin saboda ya saba da na waje. Dainawa farat ɗaya na iya jawo kasala mai tsanani da amai da faɗuwar jini, har da rasa rai. Mafita ita ce ta ɗauki kwalin ta je asibiti, ta faɗa wa likita gaskiyar tsawon lokacin da ta yi tana sha, shi kuma ya riƙa rage mata a hankali. Kunyar faɗa ita ce ke sa wasu su yi ta ɓoyewa har sai ciwon sukari ya bayyana.

Ba za a ɗora wa ƴan matan laifin su kaɗai ba. A ƙasar da fiye da kashi 40 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ke fama da tsumburewa, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda abin ya fi shafa, ba mamaki idan jiki ya zama shaidar wadata. Siririya kuwa tana shan tambaya: ko ciwo take yi, ko kishiya ce ta hana ta sakat, ko dai cutar sida ce. Gori daga bakin uwar miji ko ƙawaye ranar suna ya fi kowace talla tura mace wajen mai tire. Samarin fada ma, da ke yaba mai jiki a gaban siririya, suna da nasu kason.

Sai dai da yawa daga masu neman ƙibar ba su da ramar da za a yi wa magani. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi mai sauƙi ne: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. Sakamako tsakanin 18.5 da 24.9 shi ne daidai ga baligi. Mace mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 50 tana kan 19.5, wato lafiyarta ƙalau. Wadda ta faɗi ƙasa da 18.5, ko take ramewa ba tare da dalili ba, gwaji take buƙata, domin tsutsar ciki da tarin fuka da ciwon maƙoƙo, har da shi kansa ciwon sukari, duk suna ramar da mutum. Dexamethasone kuma yana ƙara wa tarin fuka da ciwon sukari ƙarfi ne.

Idan gwaji ya nuna ba ciwo, abin da zai ƙara nauyi na gaskiya yana nan a kasuwa ɗaya da mai tiren. Giram 100 na gyaɗa na ɗauke da kalori kusan 570 da giram 25 na sinadarin gina jiki. Ga aya wadda jihar Maraɗi ta yi suna wajen nomanta, ga wake da ƙwai da awara da dabino, ga dambun zogala da ƙuli-ƙuli, ga hura da nono mai kyau ba wanda aka cika da ruwa da sukari ba. Ƙarin ci biyu tsakanin manyan abinci uku, da isasshen barci, da ɗan aikin ƙarfi da zai mayar da abincin tsoka, su ne hanyar. Ba ta da sauri: rabin kilo a mako ya isa, wato kilo 5 zai ɗauki wajen wata biyu da rabi. Amaryar da ke son cika kayanta ranar biki sai ta soma lissafi tun daga ranar da aka sa rana.