Daƙiƙa Biyu da Rabi: Jan Kunne a Kan Motocin Alfarma Masu Tsananin Gudu

A cikin dukkan lambobin da maƙeran motoci na Turai da Amurka suke alfahari da su, babu wadda ta kama zukatan samari, suka haddace ta kamar karatun allo, irin wadda ke bayyana yawan daƙiƙoƙin da mota take ɗauka, tun daga tsayuwa cik har allurar malejinta ta hau kan kilomita 100 a sa'a guda. Daƙiƙa a nan ita ce sakan, wato ɗaya daga cikin sittin na minti. Turawan Ingila da Amurkawa, da yake su da mil suke awon tafiya, sukan ƙirga daga sifiri zuwa mil 60, wanda ya yi daidai da kilomita 96 da 'yan ɗoriya, don haka lambarsu kullum takan ɗan fi ta sauran duniya daɗin ji. Wani ɗan jarida Ba'amurke, Tom McCahill, shi ake jingina wa yaɗa wannan mizani a shekarun 1940, kuma tun daga zamaninsa kowane kamfani yake ta fafutukar aske wa lambar tasa ko da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa.

In aka bi tarihin abin, za a ga yadda ya yi ta tsukewa. Jaguar XK120 ta 1948, wadda ta kasance abin mamaki a zamaninta, takan ɗauki wajen daƙiƙa 10, wato abin da Corolla ta gidan kowa take yi a yau ba tare da an ɗaga kai an dube ta ba. Ferrari F40 ta 1987 ta sauko da lissafin zuwa daƙiƙa 4 da ɗan wani abu, McLaren F1 ta 1992 ta kawo shi kusa da 3. A 2005 aka fitar da Bugatti Veyron daga garin Molsheim na ƙasar Faransa, mai silinda 16 da ƙarfin doki 1001, ita kuwa daƙiƙa 2 da rabi ne suka ishe ta. Daga baya motocin lantarki suka shigo fage, da yake injinsu yana sakin ƙarfinsa gaba ɗaya nan take ba sai ya ɗauki zafi ba, har Rimac Nevera ta ƙasar Kuroshiya, mai inji huɗu, kowace taya da nata, aka ba da sanarwar ta yi shi cikin daƙiƙa 1.81 a 2023. A wannan shekarar dai wasu ɗaliban jami'a a Suwizalan suka haɗa wata 'yar ƙaramar motar gwaji da ta kai kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, a tazarar da ba ta wuce mita 13 ba.

Lamba a takarda ba ta da nauyi a zuciya, saboda haka bari mu auna ta da abin da kowa ya sani. Idan mutum ya saki dutse a bakin rijiya mai zurfin gaske, ƙasa tana jawo shi yana ƙara sauri, ba zai kai gudun kilomita 100 ba sai bayan daƙiƙa 2.8, bayan ya faɗa zurfin kusan mita 39. Ashe ke nan motar da ke cika wannan gudu a daƙiƙa 2 da rabi ta fi dutsen da ke faɗawa rijiya saurin ɗaukar wuta, kuma wanda ke zaune cikinta zai ji an manna bayansa da kujera da ƙarfin da ya zarce nauyin jikinsa. Tazarar da take buƙata kuwa wajen mita 35 ce, sulusin filin ƙwallo, ko kuma a ce daga ƙofar gidanka zuwa ta maƙwabcinka na uku. Kafin mai tafiya a ƙasa da ya hango ta tsaye ya gama yanke shawarar tsallake titi, ta riga ta iso kansa da gudun babbar hanya.

Wajibi ne kuma mai karatu ya san yadda ake samo waɗannan lambobi, gama akwai dabara a ciki wadda masu talla ba su cika son a tona ba. Ana yin gwajin ne a fili keɓantacce wanda aka share shi tas, babu yashi, babu rami, babu akuya, wani lokaci ma har a shafe kwaltar da wani sinadari mai danƙo domin taya ta kama. Tayoyin sababbi ne, an ɗumama su, direban ƙwararre ne wanda wannan ce sana'arsa, sa'an nan a cikin motar akwai na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda ke daidaita totur da kuloci ta raba wa tayoyi ƙarfi gwargwadon abin da za su iya riƙewa. Bayan wannan duka, Amurkawa suna da wata al'ada da suka gado daga filayen tsere, ta ƙin fara ƙirga lokaci sai mota ta gusa ƙafa ɗaya daga inda take, abin da ke zaftare kusan kashi biyu ko uku cikin goma na daƙiƙa. Tesla Model S Plaid ta 2021, wadda aka yi ta yayata cewa tana kai mil 60 a daƙiƙa 1.99, da wannan rangwamen aka samo lambarta, kuma sai an jira mintoci batirinta ya kimtsa. Da aka ƙirga mata tun daga motsin farko a kan kwalta irin ta kowa, sai ta haura daƙiƙa 2. Wanda ya sayi mota saboda lamba, ya zo zai tabbatar da ita a titin unguwa da aka yi wa faci, iska ta watsa masa rairayi, ya kamata ya sani cewa babu ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan da ya cika masa.

Amma babban al'amarin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata lamba ta biyu, wadda ba a buga ta da manyan baƙaƙe, alhali kuwa ita ce ke raba rai da ajali: tazarar tsayawa. Mutanenmu sun san wannan hikima tun kafin zuwan mota. A ranar hawan salla, sa'ad da mahaya suka zo yin jafi gaban sarki, suka saki dawaki a sukwane har ƙura ta turnuƙe, babu wanda ake yabo don dokinsa ya yi gudu, tun da gudu ɗabi'ar doki ce. Wanda ake yi wa guɗa shi ne wanda ya ja linzami ya tsayar da ingarma cak a daidai inda ya nufa, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. To, maƙera sun tara wa mutum ɗaya dawaki dubu a ƙarƙashin ƙafarsa ta dama, amma linzamin bai ƙaru da gwargwadon haka ba, ba kuwa zai ƙaru ba, saboda duk ƙarfin birki yana ƙarewa ne a ɗan wurin da taya ta taɓa ƙasa, wanda bai fi tafin hannu ɗaya ko biyu ba. Motar alfarma mafi kyawun birki tana buƙatar mita 30 da 'yan kai kafin ta tsaya daga gudun kilomita 100 a busasshiyar kwalta, motar talakawa mai lafiya kuwa ba ta kai mita 40 ba. Wato a wajen tashi an ninka sauri har sau huɗu, a wajen tsayawa kuwa ribar 'yan mitoci kaɗan aka samu.

Ga kuma ɗan Adam, wanda yake nan yadda Mahaliccinsa ya yi shi, ba a sake masa ido ko jijiya ba. Tsakanin ganin haɗari da ɗora ƙafa a kan birki, mai lafiya wanda hankalinsa ke kan hanya yakan ci daƙiƙa ɗaya ko fiye, balle wanda ke riƙe da waya yana ɗaukar hoton maleji don nuna wa abokai. A gudun kilomita 100 mota tana shafe kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka in aka haɗa da tazarar birki, an doshi mita 60 ke nan kafin a tsaya. Idan aka ninka gudu ya zama 200, tazarar birki ninki huɗu take yi, haka ma ƙarfin karo, domin ƙa'idar halitta ce wadda kuɗi ba ya sauya ta. A nan sai an kusa cinye filin ƙwallo biyu. Karo da bango a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga bene mai hawa uku, a gudun 100 kuwa kamar daga hawa na goma sha biyu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke rasuwa a hanya kowace shekara, haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi huɗu.

Kada wani ya ce ai wannan sai ga wanda bai iya tuƙi ba. A ranar 30 ga Nuwamba 2013, Paul Walker, tauraron finafinan tseren mota na Fast & Furious, ya rasu a Kalifoniya cikin Porsche Carrera GT, abokinsa Roger Rodas ne ke tuƙi, mutumin da ya saba shiga gasar tsere. Masu bincike sun ce gudun motar ya kai tsakanin kilomita 130 da 150 a titin da haddinsa bai wuce 72 ba, tayoyinta kuma sun yi wajen shekara tara, ko da yake ba su sha tafiya ba. A ranar 3 ga Yuli 2025 kuma Diogo Jota, ɗan wasan Liverpool, ya rasu tare da ƙanensa André Silva a lardin Zamora na ƙasar Sifen cikin Lamborghini, kwana 11 bayan ɗaurin aurensa. Jami'an tsaro sun ce alamu sun nuna taya ce ta fashe yayin da ake wuce wata mota, motar ta bar hanya ta kama da wuta. Waɗannan hanyoyi ne na ƙasashen da ke kula da kwaltarsu, motocin kuma an kashe musu dukiya mai yawa wajen tanadin kariya.

In haka ta faru can, ina ga nan, inda titi ɗaya ya haɗa tirela da mai Adaidaita Sahu da ɗan acaɓa da mai tura ruwa da almajiri da garken shanu? Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, ta iyakance wa motar gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Veyron kuwa takan ƙetare haddin cikin gari kafin mutum ya gama cewa bismilla. Gaskiya ne irin waɗannan motoci ƙalilan ne a garuruwanmu, amma ɗabi'arsu ta yaɗu fiye da su, ta hanyar bidiyon waya, har ta kai yaro ya ɗauki motar mahaifinsa, tsohuwar Marsandi ko BMW da ta gama aure a Turai, ya fita da dare ko ranar kai amarya yana ƙure maleji yana juyi a tsakiyar jama'a. Shi wanda ya gani a bidiyo yana da fili da hular kwano da motar asibiti a gefe tana jira. Shi kuwa namu yana da taya 'yar gwanjo da 'yan kallo a bakin kwata.

A kan ji mutane, in abin ya auku, suna cewa ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Babu mai musun ƙaddara, amma malamai ba su taɓa mayar da ita mafaka ga mai ganganci ba. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ke bisa dabba da mai janta da mai korarta duk suna ɗaukar lamunin abin da ta taka, kuma kisan kuskure yana wajabta diyya, wadda asalinta raƙumi ɗari ne, tare da kaffarar 'yanta bawa mumini, ko azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu ba. Idan wannan ne hukuncin mai doki ɗaya da ya kuɓuce masa, to wanda ya taka totur da gangan don riya da fahari a cikin kasuwar mutane, ni ban ga hujjar da zai kare kansa da ita ba, ko gaban alƙali ko gobe kiyama. Uban da ya miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha bakwai makullin irin wannan mota, shi ma yana da nasa kason na alhaki.

Wanda Allah ya hore masa irin motar, yake kuma son jin ƙarfinta, akwai filayen da aka gina musamman domin haka a ƙasashen da ake ƙera su, inda ake koyar da mutum kafin a sakar masa; titin gari kuwa amanar jama'a ce. Sauranmu masu motocin yau da kullum, kowa ya ɗaura bel, ya ajiye waya, ya bar tazara tsakaninsa da na gaba, in kuma ya tsaya a danja wani ya yi ta kaɗa masa inji yana neman tsere, ya ƙyale shi ya wuce. Sa'an nan kafin ka shiga motarka gobe da safe, mai karatu, ka durƙusa ka duba gefen kowace taya, za ka ga lambobi huɗu a jere a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko makon da aka yi ta ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Maƙeran motoci da yawa suna ba da shawarar a sauya taya in ta kai shekara shida, masu yin tayar kuma sun ce kada ta wuce goma ko da zanenta bai suɗe ba. In taka ta wuce haka, ka kai ta wurin mai faci a cire ta tun kafin ka hau babbar hanya.