Corinne Diacre: Matar da ta shekara uku tana horas da ƙungiyar maza a Faransa

A ranar 4 ga Agustan 2014, ƙungiyar Clermont Foot ta je garin Brest domin wasanta na farko a kakar rukuni na biyu na gasar Faransa, wato Ligue 2. A al'ada wasa irin wannan ba ya jawo kowa sai 'yan gari, amma a daren nan 'yan jarida sun yi dafifi a bakin fili, kuma duk idonsu na kan benci. Wadda ke zaune a kujerar mai horaswa mace ce, Corinne Diacre, kuma a ranar ta cika shekara 40 da haihuwa. Kocin Brest ya miƙa mata furanni kafin a take leda, sannan yaransa suka doke nata da ci 2-1.

Ba ita aka fara nema ba. A watan Mayun shekarar, shugaban ƙungiyar, Claude Michy, ɗan kasuwar da aka fi sani da shirya tseren babura na Le Mans, ya sanar da ɗaukar Helena Costa 'yar Portugal, wadda ta horas da yaran Benfica da kuma tawagogin mata na Qatar da Iran. Labari ya zagaye duniya. Kafin ƙarshen Yuni, tun ba a fara atisaye ba, Costa ta ajiye aikin, tana ƙorafin cewa ana ɗaukar 'yan wasa da shirya wasannin sada zumunta ba tare da saninta ba. Masu cewa Michy talla kawai yake yi wa ƙungiyarsa sun samu abin faɗa. Maimakon ya koma wa namiji, cikin 'yan kwanaki ya kira Diacre.

Ko da a ce akwai talla a lissafinsa, wadda ya ɗauko ba baƙuwar fili ba ce. An haife ta a 1974 a arewacin Faransa, ta buga baya a ƙungiyar Soyaux kusan shekara 20, ta buga wa ƙasarta wasa 121, ta kuma daɗe tana ɗaure da ƙyallen kyaftin. Ita ta jefa ƙwallon da Faransa ta doke Ingila da shi a Saint-Étienne a 2002, wanda ya kai matan ƙasar Gasar Kofin Duniya karon farko. Bayan ta jingine takalmanta a 2007 ta horas da Soyaux, tana kuma mataimakiyar kocin tawagar ƙasa har 2013.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne takarda. A Faransa ba a ba mutum ragamar ƙungiya a rukuni na ɗaya ko na biyu sai yana da babbar shaidar horaswa da ake kira BEPF, ƙungiyar da ta saɓa kuwa tara ce ke hawa kanta. Hukumar ƙwallon ƙasar mutum kaɗan take ɗauka a kwas ɗin kowace shekara, kuma akasarinsu tsofaffin 'yan wasan gasar maza ne ko waɗanda suka riga suka samu gurbi a wata babbar ƙungiya. Ma'aikacin gwamnati zai gane wannan tarko: ba a ba ka muƙami sai da shaida, shaidar kuma ba ta samuwa cikin sauƙi sai ga wanda ya riga ya kusanci muƙamin. Diacre ce mace ta farko da ta karɓi wannan shaida, a 2014, shekarar da Michy ya buƙaci wani ya cike masa gurbi.

Clermont-Ferrand gari ne na kamfanin tayoyin Michelin, kuma zuciyar mutanensa tana wajen wasan rugby. Ƙungiyar ƙwallon ƙafarsu tana cikin masu ƙaramin kasafi a rukunin, wanda a lokacin ƙungiyoyi 20 ke fafatawa a cikinsa, uku na ƙasan teburi su faɗa. Faɗawa daga Ligue 2 na nufin asarar kuɗin talabijin, sallamar ma'aikata, wani lokaci ma rasa matsayin ƙungiyar ƙwararru. Abin da aka ɗora mata ke nan, kuma watannin farko ba su yi daɗi ba, ƙungiyar ta yi ta lilo a kusa da ƙasan teburi. Ta ƙare kakar a mataki na 12.

Kaka ta biyu ce ta rufe bakin masu tsegumi. Clermont ta shafe watanni tana cikin masu neman hawa rukuni na ɗaya, ta ƙare ta bakwai, a gaban ƙungiyoyin da suka fi ta kuɗi nesa ba kusa ba. Ɗan wasan gabanta, Famara Diédhiou na Senegal, ya zura ƙwallo 21, ya fi kowa a gasar. A ƙarshen 2015 mujallar France Football ta zaɓe ta gwarzuwar masu horaswa a Ligue 2. A kaka ta uku, bayan Diédhiou ya tafi, ta sake ƙarewa ta 12.

A ganina wannan tsawon zama shi ne abin dubawa a tarihinta, fiye da kasancewarta ta farko. Carolina Morace ta riga ta, domin ta karɓi Viterbese a rukuni na uku na Italiya tun 1999, amma wasa biyu kacal ta yi ta bar aikin saboda katsalandan ɗin mai ƙungiyar. Costa ko wasa ɗaya ba ta ja ba. Diacre ta jagoranci wasa sama da 100 a gasar da ake korar koci kamar ana canza riga, kuma ba korar ta aka yi ba, ita ta tafi. Tambayar da aka fi yi mata a farko, wato ko maza za su yi wa mace biyayya a ɗakin sauya kaya, ta mutu da kanta. An san ta da tsauri da rashin yawan magana, ɗan wasan da ya yi sakaci benci yake komawa, kuma sun bi.

A ƙarshen Agustan 2017 hukumar ƙwallon Faransa ta ba ta tawagar mata ta ƙasa, ana shirin karɓar baƙuncin Kofin Duniya na 2019. Masu bin Super Falcons ba su manta da daren Rennes ba: Wendie Renard ta ɓarar da fenareti, na'urar VAR ta nuna cewa mai tsaron raga Chiamaka Nnadozie ta bar layi, aka sake bugawa, Faransa ta ci Najeriya 1-0. Diacre ce a benci a daren. Tafiyar ta tsaya a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, inda Amurka ta fitar da su da ci 2-1 a Paris. A gasar Turai ta 2022 sun kai wasan kusa da ƙarshe, Jamus ta cire su.

Wahalar da aka yi hasashen za ta sha a hannun maza, a wajen mata ta same ta. Tsaurin da ya yi aiki a kan matasan Clermont masu neman suna bai karɓu ba a wajen taurarin Lyon da Paris Saint-Germain, waɗanda wasunsu sun ɗaga Kofin Zakarun Turai sau da yawa. Da zuwanta ta karɓe kyaftin daga Renard. Ta bar Marie-Antoinette Katoto a gida a 2019 alhali ita ta fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar. Ta ajiye Amandine Henry da Eugénie Le Sommer a 2022. A Fabrairun 2023 Renard ta sanar da janyewa daga tawagar, Katoto da Kadidiatou Diani suka bi bayanta. Kwanaki kaɗan bayan haka Noël Le Graët, shugaban hukumar da ke kare ta, ya yi murabus saboda nasa rikicin, kuma a ranar 9 ga Maris aka sallame ta. Wanda ya gaje ta shi ne Hervé Renard, wanda ya ɗauki Kofin Afirka da Zambiya a 2012 da Kwaddibuwa a 2015. Bai taɓa horas da mata ba, kuma ba a yi ta muhawara ko zai iya ba.

Ƙofar da aka ce ta buɗe ba ta buɗe sosai ba. A Hong Kong, Chan Yuen-ting ta lashe babbar gasar maza da ƙungiyar Eastern a 2016 tana da shekara 27. A Sudan, Salma al-Majidi ta horas da ƙungiyoyin maza a Omdurman da Gadarif. A Jamus, Marie-Louise Eta ta zama mataimakiyar koci a Union Berlin a 2023, Sabrina Wittmann kuma ta karɓi Ingolstadt a rukuni na uku a 2024. Ana iya ƙirga su da yatsu. Clermont kuwa, Pascal Gastien, wanda ke kula da makarantar yaran ƙungiyar a zamaninta, shi ya karɓi aikin da ta bari, ya kuma hau da su Ligue 1 a 2021, karon farko a tarihin ƙungiyar.