Daga kusun laboratuwar zuwa garkenka: mi ya sa ake ɗibar jinin bisashe?

Makiyayi, da kai manomi mai kiwo, ka sha ganin ma'aikatan kiwo sun zo rugga ko bakin rijiya, sun kama ƴan bisashe, sun soka allura ga jijiyar wuya, sun ɗebi jini cikin ƴan kwalabe sun tafi da shi. Wasu su ce saida jinin nan za a yi, wasu su ce bisa za ta rame, har akwai masu kore garkensu daji in sun ji motar ta taho. To, ga bayanin abin da ake nema cikin jinin nan, da inda aka samo dabarar nemansa. Asalinta wani ciwo ne na kusu, wato ɓera.

Mi ke cikin jini?

In ka bar jini cikin kwalba ya kwana, sai ya rabu biyu: gudan jini ja a ƙasa, ruwa mai kalar fatsi-fatsi a bisa. Cikin ruwan nan akwai wasu furotin da jiki ke ƙerawa don yaƙi da cuta. Mu kira su makaman jini. Masu ƙera su wasu ƙananan ƙwayoyin jiki ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin ɓargo da saifa da kaluluwa. Mu kira su maƙeran jini.

Kowane maƙeri makami iri ɗaya tak ya iya. Wanda ya iya na ciwon huhu bai iya na bushiya ba. In cuta ta shiga jikin saniya, ko aka yi mata allurar rigakafi, maƙeran wannan cuta sai su yawaita, makamansu su daɗe cikin jini. Shi ya sa bisar da ta tashi daga wasu cututtuka ba ta sake kamuwa. Shi ya sa kuma maraƙi ke buƙatar dakashi tun ranar da aka haife shi: ta cikinsa makaman uwa ke shiga jikinsa.

Ke nan jinin bisa yana riƙe da labarin cututtukan da ta gamu da su. Wuyar ita ce karanta labarin. Makaman iri dubbai ne a gauraye, kamar a zuba hatsi da dawa da wake da riɗi cikin rumbu guda, a ce ka fidda irin guda.

Ciwon da ya zama amfani

Akwai wani ciwon daji da ke kama maƙeran jini. Ƙwaya guda ce ke lalacewa, ta yi ta haihuwa ba tsayawa, ƴaƴanta duka suna ƙera makami irin nata. Sai jinin majinyacin ya cika da furotin iri ɗaya. Ana samun ciwon nan ga mutane. Tun 1847 wani likita na Ingila, Henry Bence Jones, ya lura da wani baƙon furotin cikin fitsarin mai wannan ciwo.

Cikin 1962, a Amurka, wani masani mai suna Michael Potter ya nuna cewa in aka ɗura wani mai na ma'adini cikin cikin wasu fararen kusa da ake kiwo a laboratuwar, da yawansu sukan kamu da irin wannan ciwo. Kusan nan dangi ɗaya ne, an daɗe ana haɗa su da junansu har suka zama kamar tagwaye. Don haka ana iya ɗaukar ƙullutun ciwon daga wannan a dasa ga wancan, ya ci gaba da girma yana zuba furotin ɗinsa. Potter ya rarraba ƙullutan nan ga masana na ƙasashe da dama. Da su aka samu makamin jini tsantsa, mai yawa, aka bincika yadda aka gina shi.

Amma da sauran aiki. Ba wanda ke zaɓa wa ƙullutun makamin da zai ƙera. Abin da ya faɗo shi ke nan, kuma yawanci ba a san ma wace cuta makamin ke kamawa ba.

Haɗin da aka yi a 1975

Masana biyu a garin Kambirij na Ingila, César Milstein ɗan asalin Ajantina da Georges Köhler Bajamushe, su suka warware matsalar. Sun yi wa kusu lafiyayye allura da jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya, jikinsa ya ƙera makaman yaƙi da su. Suka ɗebo maƙeran daga saifarsa. Maƙeri lafiyayye ya iya aikinsa, amma ba ya daɗewa a waje da jiki. Ƙwayar ciwon daji kuwa ba ta gajiya da haihuwa. Sai suka narka su biyun suka zama ƙwaya guda, wadda ta ɗauko gwaninta daga wannan, ta ɗauko yawan haihuwa daga waccan. Ka san alfadari, da ya gado jaki ya gado doki. Bambancin shi ne alfadari ba ya haihuwa, wannan kuwa haihuwa ce aikinta.

Daga nan duk cutar da ake so, ana iya samun makaminta iri ɗaya, tsantsa, ko nawa ake buƙata. An ba su kyautar Nobel a 1984.

Yadda ake awon jinin bisarka

A laboratuwar, kamar Labosel da ke Yamai, akwai wani ɗan faranti na roba mai ramu 96. Cikin kowane rami an manna ɓangaren ƙwayar cutar da ake nema. Sai a ɗiga ruwan jinin bisarka, a ɗiga makamin nan na kusu, su yi takarar wuri, kamar garke biyu a kwamin shan ruwa guda. In bisarka tana da makaman cutar, su za su tare wurin, na kusu ya rasa inda zai kama. In ba ta da su, na kusu ya kama ko'ina. Sai a wanke, a zuba wani ruwa mai fidda kala inda duk na kusu ya kama. Kala mai ƙarfi: bisar ba ta da makaman. Kala ta kasa fita: tana da su. Ana kiran wannan awo Eliza.

Ka lura da kyau: a faranti ake wannan aiki. Ba abin kusu da ake sa wa bisarka.

Abin da ya yi wa makiyaya

Tsofaffi ba su manta bushiya ba. Ta dawo Afirka ta yamma a farkon shekarun 1980, ta kashe shanu masu ɗimbin yawa. A 1986 aka buɗe babban kamfen rigakafi na ƙasashen Afirka. Da awon jini aka riƙa gane ko allurar ta kama. Da aka daina allura kuma, jinin ƴan shanun da ba a taɓa yi wa ita ba shi ya shaida cewa cutar ba ta yawo. A 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya. Makiyayan da suka bari aka ɗebi jinin shanunsu suna da hannu cikin wannan nasara.

Yanzu saura ƴar'uwarta, annobar tumaki da awaki mai sa zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo. A 2015, a Abijan, ƙasashe sun sa 2030 ta zama shekarar gamawa da ita. Ita da ciwon huhu na shanu, duka da irin wannan awo ake bin sawunsu.

Abin da ake so gare ka

1. Ka bari a ɗebi jinin. Abin da ake ɗauka bai wuce cokali ɗaya ko biyu na shayi ba, alhali babbar saniya tana da jini sama da lita 15.

2. Ka faɗi gaskiyar shekarun bisa. Ɗan da bai wuce ƴan watanni ba yana ɗauke da makaman uwarsa, awo zai nuna su ko bai taɓa ciwo ba.

3. Ka faɗi ko an yi mata rigakafi, da yaushe. Sau da yawa awo ba ya bambanta makaman allura da na ciwo. Bakinka ne zai raba.

4. Ka faɗi inda ka sayo ta, da inda garken ya yi rani da damana.

5. Kar ka ɓoye marar lafiya, kar kuma ka zaɓo masu ƙiba kaɗai. Ga ciwon huhu, saniya tana iya yin kamar ta warke alhali cutar na ɓoye cikin huhunta tana harbin sauran. Garke duka ake dubawa.

6. Ka tambayi sakamako wurin ma'aikacin kiwo na yankinku. Haƙƙinka ne.

Awon jini ba magani ba ne, kuma bai maye gurbin allurar rigakafi ba. Shi ke nuna inda cuta take da inda allura ba ta kai ba, don a san inda za a kai ɗauki kafin mushe ya fara faɗuwa. Ka karanta wa maƙwabcinka wannan bayani, ku tattauna shi a kasuwar bisashe da bakin rijiya. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.