Kalmar piseog da camfe-camfen shanu a ƙasar Irlanda

A harshen Gayil na ƙasar Irlanda akwai kalma guda, piseog, wadda akan fassara da superstition a Faransanci. A ganinmu fassarar ba ta cika ba. Inda Hausa ke raba camfi da sammu, wannan kalma ta gama su: tana nufin abin da mutum ke kiyayewa don tsoro, tana kuma nufin abin da ake aikatawa don a cuci maƙwabci. Al'adun da suka shafi shanu su suka fi nuna haka.

Darajar saniya ta bar alama cikin harshen kansa. Bó ita ce saniya. Bóthar, watau hanya, asalinta burtali ne. Buachaill, yaro, asalinsa makiyayi.

A da, ranar da aka fi tsoro ita ce 1 ga watan Mayu, Bealtaine, lokacin da ake fidda bisashe zuwa makiyaya. Ƙamus ɗin da ake dangantawa da sarki Cormac, wanda ya rasu a 908, ya ambaci wuta biyu da ake kora shanu tsakaninsu don tsari daga cuta. Wajen 1188 Giraldus Cambrensis ya rubuta zancen tsofaffin mata masu rikiɗa zomo su tsotse nonon shanun mutane. Labarin ya daɗe: ƴan makaranta sun sake tattaro shi daga bakin kakanninsu a 1937 da 1938, cikin binciken hukumar al'adun gargajiya da aka kafa a 1935.

Abin lura, ba saniyar ake sata ba, albarkar nononta ce: uwar gida ta yi ta kaɗawa, mai ya ƙi tashi, alhali na maƙwabciya ya ƙaru. Don haka a da, a ranar ba a ba kowa garwashi ko madara, a kan kuma ɗaura jan zare a wutsiyar saniya. Wannan camfi ne. Binne ƙwai ko ruɓaɓɓen nama a gonar wani kuwa sammu ne sarai, amma sunansu ɗaya.

Akwai kuma abin da ya faɗa tsakani, wanda ya fi wuyar fassara. A da, baƙon da ya tarar ana kaɗa nono, ko da limamin coci ne, tilas ya sa albarka ya kama sandar kaɗi na ɗan lokaci, in ba haka ba a zarge shi da tafiya da man gidan.